Yadda Hakeem Olajuwon ya fara daga benci a Jami'ar Houston kafin a zaɓe shi gaban Michael Jordan

A watan Oktoban 1980, wani dogon saurayi ɗan shekara 17 ya sauka a filin jirgin saman birnin Houston da ke jihar Texas a Amurka. Ya duba hagu ya duba dama, babu wanda ya zo tarbarsa.

Da ya buga waya ofishin masu horar da ƙwallon kwando na Jami'ar Houston, amsar da ya samu ita ce ya hau tasi ya iske su.

Wannan saurayi shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda daga baya ya lashe kofin gasar NBA sau biyu, kuma har yanzu babu wanda ya kamo shi a yawan kaɗe ƙwallo daga bakin kwando a tarihin gasar, inda ya yi hakan sau 3,830.

Masu bibiyar wasan sun san wannan ɓangare na tarihinsa. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na zamansa a jami'a daga 1980 zuwa 1984, inda ya shafe kaka guda bai taɓa ƙwallo a gasa ba, ya yi kaka ta biyu yana shigowa daga benci, sannan ya je wasan ƙarshe sau biyu a jere ya dawo hannu rabbana.

Daga Sakkwato aka fara

An haifi Olajuwon ranar 21 ga Janairun 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi masu sana'ar sayar da siminti a Legas, kuma ya tashi cikin rufin asiri.

Kamar sauran yaran Najeriya, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, a matsayin mai tsaron raga, sannan ya shahara a ƙwallon hannu a makarantarsu ta Muslim Teachers College.

Yana ɗan shekara 15 makarantar ta je Sakkwato gasar wasannin makarantun horar da malamai ta ƙasa. Shi ƙwallon hannu ce ta kai shi. Wani ɗalibi ne ya roƙi koci ya bar dogon yaron ya buga wa ƙungiyar ƙwallon kwando, aka amince, kuma daga nan bai sake waiwayen tsohon wasansa ba.

Shekara biyu bayan haka, wani koci Ba'amurke mai aiki a Afirka, Christopher Pond, ya ga wasansa, ya ba Guy Lewis, kocin Jami'ar Houston, labarinsa.

Lewis bai ɗauki zancen da muhimmanci ba. Ya sha faɗa daga baya cewa an saba turo masa sunayen yara daga ƙasashen waje ana yaba su, sai sun zo a ga ba haka ba. Dalilin da ya sa babu wanda ya wahalar da kansa zuwa filin jirgi ke nan.

Akwai kuma labarin da aka daɗe ana bayarwa, cewa a New York ya fara sauka da niyyar duba wasu jami'o'i, sanyin garin ya kore shi, ya nemi inda yanayinsa ya yi kama da na Legas aka nuna masa Houston.

Shekarar zaman jira

A Amurka, ƙungiyoyin jami'o'i ne babbar hanyar shiga gasar ƙwararru ta NBA. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin, kuma ita ke tantance ɗalibin da ya cancanci bugawa.

A wancan zamanin ɗan wasa ba ya karɓar ko sisi. Abin da jami'a ke ba shi shi ne tallafin karatu: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da littattafai. Shi kuma dole ya riƙa cin jarrabawa, in ba haka ba a dakatar da shi daga wasa.

Olajuwon bai samu izinin hukumar a kan lokaci ba, don haka kakar 1980 zuwa 1981 ta wuce shi. Atisaye kawai yake yi, ranar wasa ya zauna ya yi kallo.

Ko da an ba shi izinin, da wuya a ce ya shirya. Tsawonsa ya haura mita 2, amma nauyinsa bai wuce kilo 86 ba, ga shi zai riƙa gogayya da ƙarti a ƙarƙashin kwando. Sai da aka ɗora shi a kan nama, shi kuma ya ƙara da askirim da ya kamu da sonsa, kafin jikinsa ya murje.

Sannan akwai ƙarancin sanin wasan. Abokan wasansa tun suna firamare suke jefa ƙwallo a kwando, shi kuwa dududu shekararsa biyu da farawa. Duk ƙwallon da aka jefa sai ya yi tsalle zai kaɗe ta, abin da ke sa alƙalin wasa ya yi ta busa masa laifi. A gasar jami'o'i kuwa laifi biyar ke fitar da mutum daga wasa.

A wajen fili ma akwai nasa ƙalubalen. Amurkawa da dama na lokacin ba su san komai game da Najeriya ba, har wasu na zaton daga daji ya fito, alhali a birni mai miliyoyin mutane ya girma. Ko sunansa ma Akeem aka rubuta, haka kuma aka ci gaba da kiransa har watan Maris na 1991 lokacin da ya gyara shi zuwa Hakeem.

A kaka ta biyu ya samu damar bugawa, amma daga benci, yana cin kimanin maki 8 a kowane wasa. Houston ta kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa a 1982, inda North Carolina ta fitar da ita da ci 68 da 63. A cikin ƙungiyar da ta yi nasarar akwai wani ɗalibi ɗan ajin farko mai suna Michael Jordan. Maki 2 kacal Olajuwon ya ci a ranar.

Makarantar Moses Malone

Bayan wannan kaka ya tambayi masu horar da shi abin da zai yi a riƙa ba shi lokaci mai yawa a fili. Suka tura shi cibiyar wasanni ta Fonde, wani zauren motsa jiki na jama'a da ke kusa da tsakiyar birnin Houston, inda ƙwararru da 'yan jami'a ke haɗuwa lokacin hutu su yi ta fafatawa.

Sarkin wurin shi ne Moses Malone na ƙungiyar Houston Rockets, wanda a shekarar 1982 ɗin aka zaɓa gwarzon ɗan wasan NBA karo na biyu.

Malone mutum ne mai ƙarfin tsiya da naci a ƙarƙashin kwando, kuma bai raga wa yaron ba. Ya ture shi, ya danne shi, ya ci maki a kansa, washegari Olajuwon ya sake dawowa. A irin wannan wasa babu alƙalin da zai kare ka, babu kuma kocin da zai ce a tsaya a huta.

Idan ana neman inda Olajuwon ya koyi ƙwallon kwando na gaske, to a wannan hutu ne. Shi kansa ya sha danganta saurin ci gabansa da wannan gwagwarmaya. Wanda ya saba da kafaɗar gwarzon NBA, ɗalibin jami'a ba zai ba shi tsoro ba. Saurin ƙafa da iya karanta inda ƙwallo za ta faɗa kuwa, waɗannan tun daga ragar ƙwallon ƙafa da filin ƙwallon hannu a Legas ya zo da su.

Da aka dawo kakar 1982 zuwa 1983, wani mutum daban aka gani. Ya shiga sahun biyar ɗin farko, yana cin kusan maki 14 tare da cafke ƙwallo 11 da suka dawo daga kwando a kowane wasa.

Ƙungiyar ma ta zama abin kallo. Da shi da Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux, wasansu gudu ne da tsalle da danƙara ƙwallo cikin kwando daga sama, salon da hukumar NCAA ta taɓa haramtawa daga 1967 zuwa 1976. Wani ɗan jaridar Houston Post, Thomas Bonk, ya laƙaba musu suna Phi Slama Jama, sunan ya bi su har yau. Sun ci wasa 26 a jere.

Daren Albuquerque

Gasar ƙasa ta jami'o'i, wadda ake farawa a watan Maris, ta sili-ɗaya-ƙwale ce: aka ci ka sau ɗaya ka tattara ka koma gida.

A wasan kusa da na ƙarshe a birnin Albuquerque, Houston ta lallasa Louisville da ci 94 da 81, Olajuwon ya ci maki 21 ya cafke ƙwallo 22. Kusan kowa ya ɗauka kofi ya riga ya samu mai shi, domin abokiyar karawarsu a wasan ƙarshe, North Carolina State, an riga an ci ta sau 10 a kakar.

Ranar 4 ga Afrilun 1983 abubuwa suka ƙi tafiya yadda aka zata. Drexler ya tara laifi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci. Birnin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, har sai da aka fitar da Olajuwon ya zauna yana shaƙar iskar oksijin.

Duk da haka Houston ta dawo daga hutu da zafinta, ta wuce gaba da 42 da 35. A nan Lewis ya umarci yaransa su rage gudu su riƙe ƙwallo, tunda a lokacin babu agogon da ke tilasta jifa cikin ƙayyadadden lokaci. Har yau magoya baya na ganin wannan shawara ce ta kashe su, domin ƙungiyar da aka sani da gudu aka sa ta tafiyar hawainiya. Abokan hamayya suka koma yi musu laifi da gangan, su kuma suka yi ta ɓarar da jifan kyauta.

Ana 52 da 52, saura daƙiƙoƙi, Dereck Whittenburg ya wurga ƙwallo daga nisan kusan mita 9. Ba ta kai kwando ba. Olajuwon ya ɗan matso gaba daga wurin da ya saba tsayawa, sai Lorenzo Charles ya yi tsalle ya cafe ta a sama ya danƙara. Aka tashi 54 da 52.

Koci Jim Valvano ya yi ta gudu a fili yana neman wanda zai runguma, Olajuwon kuwa ya zube ƙasa. Ya ci maki 20 ya cafke ƙwallo 18 a daren, kuma shi aka ba kyautar gwarzon zagayen ƙarshe na gasar duk da an ci su. Tun daga kansa ba a sake ba ɗan ƙungiyar da ta sha kaye wannan kyauta ba.

Karo na biyu, sannan NBA

Drexler ya tafi NBA, nauyi ya dawo kan ɗan Legas. A kakar 1983 zuwa 1984 shi ya zo na ɗaya a faɗin Amurka a cafke ƙwallo, da kaɗe ta, da kuma yawan jifan da ke shiga, inda kashi 67.5 cikin ɗari na jifansa ke faɗawa kwando.

Suka sake kai wa wasan ƙarshe a Seattle, wannan karon da Georgetown mai Patrick Ewing, wanda shi ma baƙo ne haifaffen Jamaika. Laifuka suka ɗaure Olajuwon da wuri, Georgetown ta ci 84 da 75, kocinta John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya lashe kofin.

Saura masa shekara guda ya buga wa jami'a, amma ya zaɓi shiga NBA. Rockets ta yi nasara a kan Portland a ƙuri'ar jefa kwabo, kuma ranar 19 ga Yunin 1984 ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko. Portland ta ɗauki Sam Bowie, Chicago ta ɗauki Jordan a na uku. Yaron da ya shigo garin a tasi bai ma sauya gari ba.

Sai bayan shekara 10 ya rama abin da Ewing ya yi masa, lokacin da Rockets ta doke New York Knicks a 1994. A 1995 ya sake lashe kofin, wannan karon tare da Drexler. A tsakanin nan ya koma ga addininsa sosai, bayan shekarun ƙuruciya da aka san shi da saurin fushi da faɗa a fili, har ya yi suna wajen buga wasa da azumi a bakinsa.

Hanyar da ya bi ta buɗe wa wasu 'yan Afirka ƙofa: Dikembe Mutombo na Kwango a Georgetown, Joel Embiid na Kamaru a Kansas, Pascal Siakam a New Mexico State. Sai dai ƙofar ƙarama ce. Jami'o'i fiye da 350 ke buga babban rukunin gasar, kowacce da 'yan wasa fiye da goma, alhali kimanin mutum 60 NBA ke zaɓa a shekara, cikinsu har da waɗanda ba su bi ta jami'ar Amurka ba. Tun 2021 an yarje wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu ta hanyar talla, amma bizar karatu na taƙaita irin aikin da baƙo zai iya yi a cikin ƙasar, don haka ɗan Najeriya da ɗan Texas da ke ƙungiya ɗaya ba lallai damarsu ta zo ɗaya ba.

Jami'ar Houston ba ta sake kai wa wasan ƙarshe ba sai a watan Afrilun 2025 a San Antonio, shekara 41 bayan tafiyarsa. Olajuwon, yana da shekara 62, na cikin 'yan kallo. Sun ba Florida ratar maki 12 bayan hutun rabin lokaci, aka tashi Florida na da 65, Houston na da 63.