CIROZERIN: Yaƙi da tramol daga fada har masallaci

Garin Cirozerin, da ke arewa da Agadas, gawayin ƙasa ne ya raya shi. A shekarar 1975 aka kafa kampanin SONICHAR domin haƙar gawayin Anu Araren, a 1981 kuma injinansa suka fara ba da wutar lantarki ga ma'adinan uraniyom na Arlit da Akokan, da ma birnin Agadas kansa. Shekara da shekaru burin kowane saurayi a yankin shi ne a ɗauke shi aiki a kampani, ya samu albashi da gida da asibiti. Yau wannan ƙofa ta ƙuntata, kuma wata ƴar ƙwaya da ake kira tramol ta shiga aljihun samari da yawa. Iyaye da malamai da shugabannin unguwa sun tashi neman yadda za su raba ƴaƴansu da ita.

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kampanin COMINAK na Akokan ya rufe raminsa, bayan ya yi aiki tun daga 1978. Ma'aikatansa wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan leburori na ƴan kwangila, SONICHAR kuma ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarta. Tun kafin haka, a 2014, zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, samari suka kwarara can. Wasu sun kama tuƙin mota a hanyar Libiya, har doka mai lamba 2015-36 ta hana jigilar baƙin haure, dokar da aka soke a watan Nuwamba na 2023. Dattawan Abzin sun san irin wannan zamani, domin bayan farin 1973 da na 1984 samarinsu sun watsu zuwa Aljeriya da Libiya, har aka laƙaba masu sunan ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aiki.

Abin da ƙwayar take yi

Tramol, wanda likitoci ke kira tramadol, maganin ciwo ne dangin morfin, da aka fara sayarwa a Jamus a 1977. A asibiti ana ba da shi miligiram 50 ko 100, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa yana zuwa da 120, da 200, da 225, har 250 a ƙwaya guda. Galibinsa daga Indiya yake fitowa, a sauke shi a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas, ya hau mota ya yo arewa. Wani kaso ya zarce Libiya, wani ya tsaya kan teburan masu tallan magani.

Ba don shagali yawancin samari suke fara shan sa ba. Mai haƙar zinariya da ke wuni cikin rami, da direban da zai kwana yana tuƙi, da ɗan kabu-kabu, da mai dako a tasha, dukansu suna jefa shi cikin kofi ko shayi don kada su ji gajiya. Ƙwayar tana ɓoye ciwo da yunwa na ɗan lokaci, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Bayan ƴan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Wanda ya zarce ƙima yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, in kuma ya haɗa da giya ko maganin barci numfashinsa na iya tsayawa. Ranar da ya rasa ta sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. A nan ne kuɗin cefane da kayan ɗakin uwa suke fara ɓacewa.

Iyakar ƙarfin hukuma

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, tana da ofishin ƴan sanda na musamman, OCRTIS, mai farautar masu fataucinsu. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai, a watan Janairu na 2022 kuma aka kama fiye da kilo 200 na hodar iblis cikin motar wani magajin gari a jahar Agadas. Indiya ta tsananta dokar fitar da tramadol a 2018, sai masu fatauci suka koma ga wata ƙwaya mai suna tapentadol, wadda ta fi shi ƙarfi. Jandarma na iya tsare mota a shinge, amma ba ya iya bin ƙwaya ɗaya ɗaya da ake miƙawa cikin ƙullin leda a bakin tasha. Wannan sashe na aikin ya faɗa kan mutanen gari.

Fada, masallaci da tsakar gida

Wuri na farko shi ne fada. Tun shekarun 1990, bayan da samariya ta gushe, fada ta zama majalisar samari a dukan biranen Nijar: tabarma, da butar shayi a kan gawayi, da hira har tsakar dare. Manya da yawa suna yi mata kallon matattarar ƴan zaman kashe wando, kuma gaskiya ne a wasu fadodin ake koyon ƙwaya. Amma fada tana da shugaba da ma'aji da doka, tana tara kuɗi don suna da biki, tana share unguwa, tana gadin dare. Abokan fada ne ke fara lura idan idon ɗayansu ya canza ko ya daina cin abinci, tun kafin uwarsa ta sani. Shi ya sa masu faɗakarwa suka gane gara a je a zauna a tabarmarsu da a kira su taro a ɗakin lakwal. Dokar da samari suka kafa wa kansu ta fi wadda aka aiko masu daga ofis daɗewa.

Na biyu shi ne masallaci. Limamai suna tunatarwa a huɗubar Juma'a cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko da a kwalin magani ya zo. Wannan bayani yana da amfani, saboda samari da yawa da ba za su taɓa giya ba suna ɗaukar tramol a matsayin magani kawai. Wa'azin yana shafar mai sayarwa ma, wanda sau da yawa maƙwabci ne da ake haɗa sahu da shi.

Na uku shi ne tsakar gida, kuma nan ne aikin ya fi wuya, saboda kunya. A ƙasar Abzin, wajen Abzinawa da Hausawa duka, mutuncin gida abu ne mai tsada, uba ya gwammace ya ce aljanu ne suka taɓa ɗansa da ya ce ƙwaya ce. Ana ɓoye yaro har sai ya faɗi a kasuwa. Ƙungiyoyin mata na asusu, irin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991, wuri ne da uwa ke iya faɗa wa ƴar'uwarta abin da ba za ta faɗa wa namiji ba. Shawarar ma'aikatan lafiya a bayyane take: wanda ya daɗe yana sha kada a ɗaure shi ko a yanke masa ita rana ɗaya, a kai shi asibiti a riƙa rage masa sannu a hankali.

Rabon ƴan kasuwa da ma'aikata

Kowace ranar 26 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987, ana jawabai a kan miyagun ƙwayoyi. Jawabi ba ya cika aljihu, saurayin da aka raba da ƙwaya aka bar shi ba sana'a zai koma mata. Gundumar Cirozerin tana da abin da za ta ba shi: garake na Tabelot da Dabaga suna fitar da albasa da dankali da ake kai wa har ƙasashen bakin teku, suna kuma bukatar masu ban ruwa, da masu gyaran injin, da masu loda buhu.

Mai mota da ke tilasta wa direba ya yi Agadas zuwa Arlit ya juyo ba hutu, shi ma yana da hannu a cinikin tramol. Haka mai ramin zinariya da ke biya bisa yawan buhu ba ya tambayar yadda aka cika su. Ɗan kasuwar da ya ɗauki yaron shago ɗaya, da mushen da ya je gidan ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa ya daina zuwa lakwal, da mai unguwar da ya kira mai teburin magani ya yi masa kashedi a gaban shaidu, kowane ya toshe kafa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma samarin da ake magana a kansu su ne za su riƙe injinan Anu Araren da garaken Abzin nan da shekaru goma.