Daga Ɗankaza zuwa Beijin: me ɗalibanmu ke dawowa da shi daga ƙasar Sin?

A watan Satumba na 2025 aka ji daga Abuja cewa Sinanci ya shiga jerin harsunan waje da ɗalibin babbar sakandare zai iya zaɓa. Bayan kamar wata biyu, ministan ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin koyar da yara da harshen uwa wanda aka amince da shi a 2022, ya ce daga yanzu Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Waɗannan labarai biyu sun tsaya mini a rai, domin sun zo ne a daidai lokacin da nake ta sauraron ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a, wanda ya dawo daga ziyarar mako biyu ta sanin al'adun Sin. Abin da na fahimta daga bakinsa da bakin abokan tafiyarsa shi ne, yaranmu suna zuwa suna ganin abin mamaki, amma abin da ya haifi abin mamakin ba ya cikin jadawalin tafiyar, mu kuma ba mu aike su da wata tambaya ba.

Daren da ya zo gaida mu a Ɗankaza ta ƙasar Wudil, bayan sallar isha'i, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wayarsa tana ta yawo hannu zuwa hannu. Ga shi a kan Babbar Ganuwa da rigar sanyi, ga shi a tsohuwar fadar sarakunan Beijin, ga shi riƙe da buroshi yana zana sunansa da baƙaƙen Sinanci, ga kuma faifan da yake kokawa da tsinkayen cin abinci. Da aka zo kan jirgin ƙasa sai muryarsa ta canza. Ya ce, "Kawu, daga Beijin zuwa Shanghai ya fi Kano zuwa Legas nisa, amma awa huɗu da rabi ne. Shayin da ka ajiye a gabanka ko motsi ba ya yi." Gaskiya ya faɗa, layin ya kai kilomita 1,318. Ana cikin jinjina kai sai wani dattijo maƙwabcinmu, manomin rani, ya miƙa masa wayar ya ce, "To ɗana, ka ga inda ake ƙera injin ban ruwan nan namu?" Yaron ya ɗan yi shiru, ya ce, "A'a Baba, ba a kai mu can ba."

Masu jawabi a wajen bikin sallamar irin waɗannan ɗalibai suna son su fara da maganar nan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) kan neman ilimi har ƙasar Sin, duk da cewa malaman hadisi sun daɗe da cewa ba ta inganta ba. Sai a nuna kamar sha'awar al'ada ce ta ja yaranmu gabas. Ni ban yarda ba. Gidan rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, Najeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a watan Fabrairun 1971, amma shekaru talatin bayan haka ɗan Kano mai neman karatun waje Misra yake kallo, ko Sudan, ko Madina, ko Ingila. Abin da ya canza ba sha'awa ba ce.

Wani ɓangare na dalilin a fili yake. Ƙofofin da aka saba bi sun ƙuntata. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun koro ɗalibanmu gida. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake saye ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, kuɗin makarantar Ingila ya fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. A ɗaya gefen kuma Sin ta buɗe tata ƙofar da gangan. A taron Sin da Afirka na 2018 a Beijin ta yi alkawarin guraben karatu 50,000 da na horo 50,000 da kuma gayyatar matasa 2,000 ziyara. A na 2024, wanda Shugaba Tinubu ya halarta, ta ƙara alkawarin guraben horo 60,000. Ɗaliban Afirka a Sin ba su kai 2,000 ba a 2003, amma a 2018 sun kai 81,562. Wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki da abinci, shi zai tsara abin da baƙo zai gani, kuma babu laifi a kansa. Kowane mai gida ɗakin da ya share yake kai baƙo.

Amma babban dalilin yana Kantin Kwari. Kano da aka sani gari ne mai yin kaya, ba mai saye kawai ba: saƙa, rini, jima, dukanci, daga baya kuma masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Sinawan farko da suka zo Arewa ma masana'anta suka zo kafawa. Cha Chi Ming, ɗan Hong Kong, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, ta ɗauki dubban 'yan ƙasa aiki. Da wutar lantarki ta gagara, audugar gida ta ja baya, fasa-ƙwauri ya buɗe, sai masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Alhazan Kwari suka koma hawa jirgi zuwa Guangzhou da Yiwu suna kai samfurin atamfa da shadda a buga musu. Daga baya masu bugawar suka biyo kayansu har Kano. A Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama gomman Sinawa a Kwari bisa zargin kasuwanci ba bisa ƙa'ida ba. A 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarkin Kano suna kukan cewa rinannen yadin Sin ya kashe musu sana'a, a garin da karofin Ƙofar Mata ya haura shekara ɗari biyar. A Afrilun 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani Basine, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China. Cikin shekara bakwai an tashi daga kame zuwa rawani, wanda ke nuna yadda hulɗar ta kafu har ba a iya tumɓuke ta.

A cikin irin wannan hulɗa, mece ce darajar yaron da ya iya Sinanci, ya san hanyar Guangzhou? Tafinta ne, ko wakilin sari, ko mai duba kwantena kafin a rufe ta. Iyaye sun san haka, yaran ma sun sani. Cikin abokan tafiyar ɗan ƙanwata da na zauna da su, babu wanda ya ambaci wasan kwaikwayon gargajiya ko rubutun buroshin da aka koya musu sai da na tambaya. Abin da suke magana a kai shi ne farashin waya a can da nan, yadda ake biyan kuɗi da manhajar WeChat ko a wajen mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi, da lambobin masu kaya da suka karɓo. Ba na ganin laifinsu. Yaron da ya taso a ƙauyen da fitilar hannunsa, farantin sola a kan rufinsu, wayar Tecno ko itel a aljihunsa da injin da ke jawo ruwa a fadamar babansa duk daga wuri ɗaya suka fito, in ya je wurin nan dole tunanin sari ya fara zo masa. Sai dai sakamakon shi ne muna ƙara yawan masu sauƙaƙa shigo da kaya, a jihar da ciwonta shi ne ta daina yin kayan.

Akwai sakamako na biyu da ya fi damuna, shi ne karayar zuciya. Yaro ya dawo ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ya hau motar Wudil, ya iso gida ya tarar babu wuta, sai ka ji yana cewa, "Mu dai ba za mu taɓa kai wa can ba." An nuna masa Shenzhen ta yau, ba a tsaya an nuna masa cewa a 1980, lokacin da aka ware ta a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, ƙaramin gari ne da ƙauyukan manoma da masunta kewaye da shi. Wanda ya ga bene bai ga harsashi ba, zai ɗauka daga sama ya faɗo. Kuma ziyarar mako biyu ba ta kai mutum inda zai ji abin da 'yan Afirka suka gani a Guangzhou a Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da wasu daga gidajen haya da otal har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Ba ta kai shi inda zai yi tambaya kan halin Musulmin Uygur a Xinjiang. Ɗalibi ya cancanci ya san wannan duka, ba don ya ƙi ƙasar ba, sai don ya san ta kamar yadda ake sanin abokin ciniki.

Masu kare waɗannan tafiye-tafiye za su ce na rage musu mudu, kuma suna da abin faɗa. Ɗan ƙanwata ya yi sallar Juma'a a masallacin Niujie na Beijin tare da Musulmi 'yan ƙabilar Hui, ya ci taliyar naman sa ta halal, ya dawo ya daina cewa duk Basine ba shi da addini. Ya ga ana mutunta lokaci, ya ga ɗakin karatu cike da dare. Akwai kuma shirye-shiryen da suka wuce yawon buɗe ido: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da yarjejeniya da Jami'ar Central South, inda ɗaliban injiniya ke fara karatu a Samaru su ƙarasa a Sin kan aikin layin dogo, kamfanin CCECC na Sin kuma ya gina Jami'ar Sufuri ta Daura. Na yarda. Amma a lura, waɗanda suka yi amfanin su ne waɗanda aka tafi da buƙata takamaimiya, aka zauna shekaru, kuma ko su ɗin kamfanin CCECC da ke shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano ne ya ga yana buƙatar ma'aikata. Ba mu ne muka tsara ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne darasin da yaran suka gani da idonsu amma ba wanda ya ja hankalinsu gare shi. Na tambayi ɗan ƙanwata da wane harshe ake koyar da lissafi da kimiyya a makarantar sakandaren da aka kai su. Ya ce da Sinanci mana, har yana mamakin tambayar. Injiniyan da ya zana jirgin da ya burge shi da harshen ƙasarsa ya koyi lissafi, Ingilishi darasi ne guda a cikin darussa. Jami'ar koyon harsunan waje ta Beijin tana koyar da Hausa, ma'aikatan sashen Hausa na rediyonsu har sunayen Hausa suke ɗauka, saboda sun san ba a shiga zuciyar mutum ko aljihunsa sai ta harshensa. Mu kuma yaron Ɗankaza da bai taɓa jin Ingilishi a gida ba za mu fara masa ƙidaya da shi, in ya kai babbar sakandare mu miƙa masa Sinanci. Wa ma zai koyar? Cibiyoyin Confucius na koyar da Sinanci da aka daɗe da sani a Najeriya suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka tun 2008 da Jami'ar Legas tun 2009, duk a Kudu. Makarantar da ke neman malamin lissafi ba za ta samu na Sinanci ba, darasin zai tsaya a makarantun kuɗi na birni da na Abuja.

Wudil tana da abin da zai sa ta bi wata hanya dabam. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan tun 2001, a 2022 aka sa mata sunan Aliko Dangote, mutumin da kamfanin Sinoma na Sin ya gina wa masana'antun siminti da dama. Dangote bai je Sin kallon ganuwa ba, ya je da abin da yake so a yi masa, kuma masana'antar a nan Najeriya aka kafa ta. Gwamnatin Kano ma ta saba kashe kuɗi kan karatun waje, tun zamanin Kwankwaso har zuwa ɗalibai 1,001 da Abba Kabir Yusuf ya sanar a 2023. Tunda gwamnatin tarayya ta dakatar da tallafin karatu na yarjejeniyar ƙasashe a 2025, nauyin ya dawo kan jihohi da jami'o'i, kuma su ke da damar cewa ga abin da muke so.

Abin da ake so kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yankin. Ga kogin Wudil da fadamunsa, ga manoman shinkafa, ga Sin da Yuan Longping ya aurar da irin shinkafa tun shekarun 1970 har yabanya ta ƙaru ƙwarai. Ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da fata da madara da ake sayarwa ɗanye. Ga riɗin da ake lodawa daga Dawanau ba a matse mansa ba. Kafin ɗalibi ya hau jirgi, malaminsa ya zaunar da shi da manoman rani da makanikai da maƙera, ya rubuta tambayoyinsu. Jami'a ta nemi a rage kwana biyu daga yawon fada da ganuwa a kai yaran ƙaramar masana'antar injin ban ruwa ko gonar gwaji. In sun dawo, rahoton kada ya tsaya a ofishin shugaban sashe da Ingilishi. A tara mutane a Ɗankaza, a Utai, a Darki, a yi musu bayani da Hausa.

Ɗan ƙanwata yanzu yana karatun jarrabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK mataki na uku a waya, da dare, in caji ya samu. Wani Alhaji a Kwari ya riga ya yi masa magana cewa in ya gama jami'a zai tura shi Guangzhou ya riƙa duba masa kaya. Da na je Ɗankaza makon jiya na tarar da maƙwabcin namu ya kwance injinsa a ƙarƙashin darbejiya, ya jera ƙusoshin a kan buhu, yana jiran yaron da ya aika Kano ya dawo da kayan gyara, tumatirinsa kuma kwana uku ke nan bai sha ruwa ba.