Tsoffin Kawunan Mai: Tarihin da Muke Sayarwa a Kan Sikeli

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ya san irin gidajen man da nake nufi. Rumfa ta karye, ciyawa ta fasa siminti, awaki na kwance a inuwa, gonar gero ta matso har bakin tankin ƙasa. A tsakiya ga kan mai guda a tsaye, tsatsa ta ci rabinsa, lambobinsa sun tsaya cak a kan wani farashi da yaron yau zai ɗauka tatsuniya ce. Ranar da mai wurin ya matsu, 'yan gwangwan za su ɗora kan man a sikeli, a biya shi kuɗin ƙarfe, shi ke nan.

Kafin kan mai, garwa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, daga baya manyan motoci suka fara kutsawa ƙauyuka ɗaukar buhuna. Kananzir da fetur a cikin garwa suke zuwa, biyu-biyu a akwatin katako, kowace tana cin galan 4, wajen lita 18 ke nan. In ta ƙare ba a yar da ita: a ɗebi ruwa, a auna hatsi, a buɗe ta a yi ƙyauren ɗaki. Yau mai tura ruwa a kura da jarkokin roba yake yawo, amma har gobe sunansa ɗan garuwa. Harshe ya adana abin da hannu ya zubar.

Shi kuwa famfon, wani Ba'amurke mai suna Sylvanus Bowser ya ƙera na farko a 1885 a garin Fort Wayne, kuma don kananzir ya yi shi, ba don mota ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na shekarun 1920, mai doguwar kwalba a ka. Mai sayarwa zai yi ta buga hannun famfo har man ya hau cikin kwalbar, wadda aka zana wa layukan galan, sannan a sake shi ya gangara cikin tanki. Mai saye yana kallon launin man, yana kallon adadinsa, babu batun a yarda da kowa. Da kamfanin Wayne ya fito da kan mai mai lissafa kuɗi da kansa a 1933, sai aka rufe man a cikin ƙarfe, aka bar mutum da lambobi masu juyawa. Tun daga nan ake rigimar "lita ba ta cika ba". Ina ganin shi ya sa manomin rani a bakin madatsar Thomas ko ta Watari, in zai zuba wa injin ban ruwansa, bai ƙi ya saya a kwalbar ɗan bumburutu ba ko da ya fi tsada. Kusa ce, kuma ido na gani. Ai kwalbar nan jikar waccan ce.

Allunan da ke saman rumfunan su ma tarihin siyasa ne. Gwamnati ta sayi Esso a 1976 ya zama Unipetrol, wanda ya haɗiye Agip a 2002, ya koma Oando a 2003. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP a kan batun mulkin farar fata a kudancin Afirka, aka sa masa AP. Sashen sayar da man Shell ya zama National, daga baya Conoil. Texaco mai jan tauraro ya koma MRS. Jan dokin Mobil mai fukafukai da karen Agip mai ƙafa shida, a da da su direbobin da ba su yi boko ba suke gane gidan mai tun daga nesa.

Akwai kuma ƙafafun lissafin da ke ciki. Kan man da aka kafa kafin 1973 da sule da kwabo na fam yake ƙirga. Na bayansa naira da kwabo. A 1982 lita kwabo 20 ce. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba a yi shekara biyu ba ta haura naira 1,000. Tsohon inji ba shi da gurbin wannan adadi. Ko a Amurka, a 2008, an sami tsoffin kawunan da suka kasa wuce dala 3.99, masu su suka koma rubuta rabin farashi suna ninkawa.

A garin Tradate na ƙasar Italiya akwai gidan tarihi na Fisogni, wanda Guido Fisogni ya fara tarawa a 1966, mai ɗauke da kayan gidan mai fiye da 5,000. Ba na cewa mu yi irinsa, muna da abin da ya fi wannan gaggawa. Amma gyara guda biyu ko uku ba zai gagari maƙeran Ƙofar Ruwa ba. Sharaɗi na farko shi ne a cire bututu da famfon ciki a wanke su tas kafin mai walda ya matso, don tururin fetur yana daɗewa a lungun ƙarfe, kuma shi ne ke fashewa. Sai a kankare tsatsa, a shafa maganinta. Inda nake saɓa wa masu sha'awar abin a Turai shi ne fenti. Su so suke ya yi ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Ni na fi son a bar allon yadda yake, musamman mai fentin da ake gasawa irin na jikin langa, domin da zarar an shafe shi an kashe shi. A bar lambobin a kan farashinsu na ƙarshe. A kuma zauna da dattijon da ya yi aiki a kansa, a rubuta wane gari, wace shekara, motocin waɗanne 'yan kasuwa ne suka sha a wurin.

Masu kula da gidan tarihi na Gidan Makama, akwai sarari a harabarku. Alhazan da suka gaji irin waɗannan wurare a Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi kuwa, don Allah kafin ku kira mai sikeli, ku ware ko da kai ɗaya da allo ɗaya ku ajiye a zaure.