Jirgin ruwa ba ya jiran mai sayayya

A ƙasashen Turai akwai manyan jiragen ruwa waɗanda ba kaya suke ɗauka ba, sai masu yawon shaƙatawa. Jirgi ɗaya yakan ɗauki mutum dubu huɗu ko fiye, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, tamkar gari bisa ruwa. Birnin Marsey, a bakin tekun Bahar Rum, shi ne babbar tashar irin waɗannan jirage a Faransa. Daga can suke tashi su zaga Italiya da Sipaniya, su komo bayan mako guda. Abu biyu ke damun matafiyi ranar tashi: abin shan da zai shiga da shi, da hanyar isa tasha cikin lokaci.

Marsey tsohon gari ne. Girkawa suka kafa shi wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun zamaninsu ake noman inabi a yankin. Giyar garin Kasis, gabas da birnin, ta samu shaidar hukuma a 1936, ta Bandol kuwa a 1941. Shi ya sa Turawa da yawa ke son sayen kwalba a kanti kafin su shiga, domin a cikin jirgi kuɗinta yakan ninka.

To amma kowane kampani da dokarsa. MSC da Costa, waɗanda jiragensu suka fi zuwa Marsey, ba su yarda fasinja ya shigo da giya daga waje ba. Royal Caribbean ya yarda da kwalba ɗaya ta santilita 75 ga kowane baligi, ranar shiga kaɗai. In an buɗe ta a ɗakin cin abinci, sai an biya kuɗin buɗewa. Dalili a fili yake: sayar da abin sha na cikin hanyoyin da kampanonin ke samun riba. Ɓoyewa kuma ba ta da amfani, gama tun da dokar tsaron tashoshin ruwa ta duniya ta fara aiki a 2004, ana tsananta binciken kaya, akwati yakan bi ta cikin na'ura kamar a filin jirgin sama. Abin da aka saya a garuruwan da jirgi ya yada zango, sau da yawa ma'aikata ke karɓa su ajiye har daren ƙarshe.

Mafi yawan masu karatunmu ba su shan giya, addini ya hana. Duk da haka zancen ya shafe su, domin doka ba ta tsaya ga giya ba. Kampanin Norwegian, alal misali, tun 2016 ya hana shigowa da lemo da ruwan kwalba. Kafin a sayi kome, a karanta takardar sharuɗɗan da ke tare da tikiti.

Batun hanya shi ne mafi nauyi. Baƙo yakan zaci jirgi na tsaye a tsohuwar tasha ta tsakiyar gari. Ba haka ba ne: manyan jirage suna can arewa, wajen kilomita 8, ana shiga ta ƙofa mai lamba 4. Wanda ya sauka filin jirgin sama na Mariñan, mai nisan kimanin kilomita 25, zai samu motar safa da ke kai mutane tashar jirgin ƙasa ta Saint-Charles cikin kusan rabin awa. Mai zuwa daga Paris da jirgin ƙasa mai sauri, tafiyar awa uku da ƴan mintoci, shi ma nan zai sauka. Daga Saint-Charles, taksi ya fi sauƙi ga mai kaya. Motar gari ta fi arha, amma a bakin ƙofa take ajiye mutum, kuma daga ƙofa zuwa gindin jirgi akwai sauran tafiya mai tsawo.

A tuna kuma jirage da yawa Asabar ko Lahadi suke tashi, ga shi kantunan Faransa da dama suna rufewa da azahar ranar Lahadi. Wanda ya bar sayayya sai ranar tashi, zai yi ta yawon neman kanti alhali lokaci na tafiya. Ana rufe rajistar fasinja awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi. Wanda ya makara, jirgi ya tafi, kuɗin tikiti ba su komowa, in yana son cim ma jirgin a tasha ta gaba, daga aljihunsa zai biya.

Saboda haka shawara ita ce a iso Marsey kwana ɗaya kafin tashi, a gama sayayya a ranar, a riƙe fasfo da biza da tikiti a jakar hannu, a kama hanyar tasha tun da hantsi. Da a rasa jirgi saboda kwalba, gara a rasa kwalbar.