Hayar masauki a Hartum da Umdurman: kati bai iso ba, amana ke ɗauke da sana'ar

A manyan biranen duniya, mai neman masaukin mako ɗaya ba ya buƙatar sanin mai gida. Zai buɗe waya, ya duba hotunan ɗakin, ya rubuta lambar katinsa na banki, a cire kuɗi, shi ke nan. A Hartum da Umdurman lamarin bai taɓa zama haka ba. Ina cikin masu ba da hayar abin da muke kira shagga, wato sashen gida mai gado da firji da kayan girki, ga baƙin da za su yi kwanaki ko 'yan makonni. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a a gidanmu na gado a Umdurman, ko sau ɗaya kuɗin baƙo bai shigo asusuna ta katin Visa ko Mastercard ba.

Kafin yaƙi baƙinmu iri uku ne. Akwai iyaye daga Kano da Katsina da Maraɗi masu zuwa yaye 'ya'yansu a Jami'ar Afirka da ke Hartum. Akwai masu zuwa neman magani, tare da masu jinyarsu. Sai kuma 'yan ƙasa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, masu dawowa hutu ko bikin aure. Dukkansu daga nesa suke kama ɗaki, kuma a nan matsalar take. Ni ina son kafin alƙalami, don kada in kori wasu baƙi saboda mutumin da ba zai zo ba. Shi kuma yana son tabbacin cewa ɗakin da ya gani a hoto yana nan, kuma ba za a ba wani ba. Aikin kati ke nan a sauran ƙasashe: shi ne shaida tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba.

Da yawa suna zaton rashin wayewa ne ya hana mu karɓar kati. Ba haka ba ne. Idan baƙo ya biya da kati ta intanet, kuɗin sai ya bi ta hannu huɗu: bankinsa da ya ba shi katin, kamfanin katin, kamfanin da ke karɓar biya a madadin mai gida, da bankin mai gidan. Kowanne yana yankar ladarsa, jimilla kusan kashi 3 cikin 100. Sannan dole bankin mai gida ya kasance yana da abokin hulɗa a waje, wanda zai riƙe masa dala. Wannan igiya ce aka tsinke mana tun da daɗewa.

A 1993 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci, a watan Nuwamban 1997 kuma ta ƙaƙaba mata takunkumin tattalin arziki. Manyan kamfanonin kati na Amurka ne, don haka ƙofa ta rufe. A 2014 aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda karya takunkumin Sudan da Iran da Kuba. Daga nan bankunan waje da suka rage suna hulɗa da namu suka ɗauke ƙafa, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Baƙo Bature ko Balarabe sai ya shigo da dalarsa a aljihu, sababbi fil, don tsohuwar takarda ba kowa ke karɓa ba.

An ɗage takunkumin a Oktoban 2017, aka cire sunan Sudan daga wancan jeri ranar 14 ga Disamban 2020. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Sudan ya karya darajar fam daga 55 zuwa 375 kan kowace dala, don ya daidaita farashin banki da na kasuwar bayan fage. A shekarar ce Bankin Faisal ya samu lasisin Mastercard, wasu bankuna kuma suka fara ba da katin Visa. Mun yi murna kam. Sai dai ba da kati daban, karɓar kati daban. Abin da ya fara isowa shi ne katin da ɗan ƙasa zai zuba wa dala ya yi sayayya a waje. Hanyar da ƙaramin mai gida zai karɓi kuɗin baƙo daga waje, a unguwarmu babu mai shagga ko ɗaya da ya same ta. PayPal da Stripe, waɗanda masu masauki ke dogara da su a wasu ƙasashe, ba sa buɗe wa mazaunin Sudan asusu. Ana cikin jira aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, masu zuba jari suka ja baya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke.

Ba ɓangarenmu kaɗai ke da cikas ba. Daga 2022 bankunan Nijeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. Wato ko da a ce ina da hanyar karɓa, Alhajin da ke Kano ba shi da hanyar biya.

To yaya kuɗin ke zuwa? Hanya ta farko ita ce Bankak, manhajar Bankin Hartum. Da yaƙi ya tsayar da na'urorin da ke haɗa bankunan ƙasar, waɗanda suke tsakiyar Hartum, manhajar nan ta ci gaba da aiki, ta zama kasuwa da albashi da sadaka duk a waya ɗaya. Amma fam take ɗauka, kuma daga asusun cikin gida. Baƙon da ke Riyad sai ya ba wani ɗan canji riyal a can, abokin ɗan canjin ya turo mini fam a nan. Kuma tana buƙatar sabis. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar, mutane sun riƙa biyan kuɗin sa'a guda a wurin masu na'urar Starlink don kawai su ga ko saƙo ya shigo. Idan kana son tsabar kuɗi a hannu kuma, mai shago sai ya yanki nasa kaso.

Hanya ta biyu ita ce ɗan'uwa a waje. Duk mai ɗa ko ƙane a Jidda ko Dubai ko Alƙahira, asusunsa ya zama asusun gidan. Shi zai karɓa, da kati ko da tura kuɗi, ya riƙe a can har sai an buƙata. Wannan na da amfani babba, domin kafin yaƙi dala ɗaya kusan fam 600 ce, a 2025 kuwa ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage. Kafin alƙalamin da ka karɓa da fam wata biyu kafin zuwan baƙo, ranar da zai sauka ya riga ya rame. Illarta kuma ita ce kuɗinka yana hannun wani, a ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Idan banki ya ga kuɗi na shiga daga mutane daban-daban ya rufe asusun don bincike, ɗan'uwanka ka jawo wa masifa. Wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu, shagga ɗaya ce abincinta da marayu huɗu, ta taɓa ce mini, "Malam, ni ba ni da kowa a waje. Wanda ya zo ƙofa da kuɗinsa shi ne baƙona." Irin su ne rashin kati ya fi cuta, don baƙon nesa mai biya da kyau ba ya isowa gare su.

Hanya ta uku ta fi duka tsufa. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Kasuwar Wapa ya karɓi naira, abokin cinikinsa a Kasuwar Umdurman ko Suk Libiya ya ba ni fam. Babu rasit, sai kiran waya da kalma ɗaya: ya iso. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji a ƙasa, da waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da al'adar fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin baƙo: ya sauke shi, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa a kasuwa, idan an ci bashi shi ne lamuni. Abin da kamfanin kati ke sayarwa da kashi 3 cikin 100, fatoma da sunansa yake bayarwa. Iyakarsa ita ce amanar tana tsayawa inda sanayya ta tsaya. Wanda ba shi da wanda zai ce "na san shi" ba ya cikin lissafi.

Yanzu maganar ta ƙara nauyi. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, mutane ke dawowa daga Masar da Bur Sudan da Gadarif su duba gidajensu. Da yawa sun tarar an kwashe komai, har wayoyin lantarki an zare daga bango. Suna buƙatar wurin kwana na wata ɗaya ko biyu kafin su gyara, shi ya sa ɗaki mai ruwa da hasken sola a arewacin Umdurman, wajen Sawra da Karari, ya yi daraja. Mu masu gida ma da kafin alƙalamin muke sayen katifa da famfo. Inda buƙata ta yi yawa kuma, macuta ba sa nisa. Akwai masu ɗora hoton gidan da ba nasu ba a Facebook su karɓi kuɗi su kashe waya. Akwai kuma masu turo wa mai gida hoton shaidar biya na jabu. Da kati ne, wanda aka cuta zai kai ƙara bankinsa a dawo masa da kuɗinsa. A nan idan ya fita, ya fita.

Don haka mun yi wa kanmu ƙa'idoji. Ba na ba da makulli saboda hoton shaidar biya, sai na buɗe asusuna na gani da idona. Farashi da riyal ko dala muke yankewa, a biya da fam a kan canjin ranar, a rubuta a WhatsApp kowa ya riƙe. Kafin alƙalami ba ya wuce na kwana uku, kuma ana faɗin sharaɗin mayar da shi tun farko. Ga mai neman ɗaki daga nesa kuwa, kada ka tura ko sisi sai an zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo, an buɗe famfo ka ga ruwa, sannan wani naka ya je ya tsaya a ƙofar.

Ranar da bankunanmu za su sake ƙulla hulɗa da na waje ba a hannun masu shagga take ba, musamman da Amurka ta sanar da wani sabon takunkumi a watan Mayun 2025. Abin da ke hannunmu shi ne mu faɗaɗa sanayyar. Ƙungiyoyin Hausawa na unguwanni da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Afirka da suka koma Kano da Zinder za su iya haɗa jerin gidajen da aka je aka gani, da sunan dattijon da ya tsaya wa kowanne. Idan aka yi haka, matar da ba ta da kowa a waje ita ma baƙon nesa zai san ƙofarta.