TARKON ƘANSHI: YADDA ZA MU SAN ZUWAN TSUTSAR MASARA TUN DA WURI

Duk wanda ya noma masara a Lolo ko a fadamun Bagudo a 'yan shekarun nan ya san tsutsar nan mai shiga tsakiyar ganye ta huhhuje shi, ta bar kashi kamar dusa. Baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudancin Nijeriya da Benin da Togo. Ba ruwanta da kan iyaka: gonar Lolo da gonar ƙetare duk ɗaya ne a wurinta.

Uwar tsutsar ita ce wata faɗa-wuta mai yawo da dare. Tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka mata. Macen takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a wuri guda a jikin ganye, kafin ta mutu kuma ta yi fiye da 1,000. A lokacin zafi, cikin wata ɗaya ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama faɗa-wuta, a sake sabon zagaye.

To, yaya namiji yake samun mace cikin duhu? Da ƙanshi. Macen takan saki wani ƙanshi da hancin mutum ba ya ji, amma namiji yana jinsa daga nesa, ya biyo iska har ya same ta. Masana suna kiransa feromon. Wani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya fara gano irinsa a 1959, a jikin faɗa-wutar siliki, bayan ya yi aiki da mata kusan 500,000. Yanzu ana haɗa shi a masana'anta, a sa shi cikin ɗan roba da bai kai kan yatsa ba. Ana rataye robar a cikin tarko mai kama da ɗan bokiti. Namiji ya zo neman mace, ya faɗa ciki, ya kasa fita.

Nan ne mutane da yawa suke kuskure, don haka a saurara da kyau. Tarkon nan maza kaɗai yake kamawa. Ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shiga masara, kuma tarko ɗaya ba zai kare gona ba. Aikinsa irin na mai gadi ne: ya yi kururuwa idan ɓarawo ya iso. A ɗaura shi a kan sanda tun lokacin shuka, tsayinsa kamar mita ɗaya da rabi, a ƙara ɗaga shi idan masara ta yi tsawo. A ƙidaya abin da ya kama kowane mako, a rubuta. A canza robar kamar bayan wata guda, domin ƙanshin yana ƙarewa.

Idan adadin ya fara ƙaruwa, sai a shiga gona a duba masara 50, goma-goma a wurare biyar. A murƙushe ƙwai da ƙananan tsutsotsi da hannu. Wasu manoma suna zuba toka da yashi a tsakiyar ganyen, wasu ruwan 'ya'yan dogonyaro. Idan kusan 10 daga cikin 50 na masara ƙarama suna da sabuwar ɓarna, a nemi shawarar malamin gona na KARDA kafin a sayi magani. Feshi a makance asarar kuɗi ne, yana kashe ƙwari masu cin tsutsar, kuma gonakinmu na bakin Kwara, inda muke kamun kifi.

Akwai wata hanya kuma, inda ake cika gona da ƙanshin har namiji ya ruɗe ya kasa samun mace. An yi haka a gonakin auduga a Masar. Sai dai tana bukatar fili mai faɗi a haɗe, da kuɗi, don haka ba ta dace da manomi shi kaɗai ba.

Shawararmu ita ce maƙwabtan gona su haɗa kuɗi su sayi tarko biyu ko uku, su zaɓi matashi ɗaya mai ƙidaya, a sanar da adadin ranar Lahadi bayan sujada. A kai labarin ga maƙwabtanmu Musulmi su ma, tunda faɗa-wutar da ta kwana a gonarsu gobe tana tamu.