Zamiyar ruwa da tafin ƙafa

Zamiyar ruwa da tafin ƙafa wani nau'i ne na wasan zamiya a kan ruwa, inda jirgi mai inji ke jan ɗan wasa da igiya yana tsaye a saman ruwa da ƙafafunsa kawai, babu allon zamiya a ƙarƙashinsu. Wasan ya samo asali ne a jihar Florida ta ƙasar Amurka a shekarar 1947, amma 'yan Ostiraliya ne suka fara mayar da shi gasa mai dokoki. A yau ana yin sa ta fuska biyu: a matsayin gasa mai ɓangarori uku, wato dabaru da tsallaken sawu da tsalle, da kuma a matsayin ɗaya daga cikin wasannin da ake nunawa a wasan nuni na kan ruwa. Hukumar IWWF, wadda aka kafa a birnin Geneva a 1946, ita ce ke kula da dokokinsa a matakin duniya.

Yadda mutum ke tsayuwa a kan ruwa

Abin da ke riƙe ɗan wasa a sama shi ne gudu. Idan tafin ƙafa ya ɗan karkata, dunduniya a cikin ruwa yatsu a sama, yana tura ruwa ƙasa yayin da ake jansa, ruwan kuma yana tura ƙafar sama. Wannan turi yana ƙaruwa da faɗin abin da ke taɓa ruwan, yana kuma ƙaruwa sosai da gudu. Tunda tafin ƙafa bai kai allon zamiya faɗi ba, dole a cike giɓin da ƙarin gudu.

Masu koyarwa suna da wani lissafi na ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: a raba nauyin mutum a ma'aunin fam gida 10, a ƙara 20, abin da ya fito shi ne gudun da ake buƙata a ma'aunin mil cikin awa. Mutum mai kilo 70, wato kimanin fam 154, zai buƙaci kusan mil 35, ko kuma kilomita 57 a awa ɗaya. Idan zai ɗaga ƙafa ɗaya sai an ƙara masa, domin duk nauyinsa ya koma kan ɗayar. A irin wannan gudu ruwa ba ya da laushin da aka san shi da shi, kuma da zarar yatsa ya nutse, sai mutum ya kifa ta fuska kafin ya ankara. Shi ya sa 'yan wasa ke neman tafki mai kwanciya, galibi da sassafe kafin iska ta taso.

Tarihi

Ralph Samuelson ne ya fara zamiya a kan ruwa da alluna a 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota. Shekaru 25 bayan haka aka fara ajiye allunan. Akwai saɓani kan wanda ya riga. Ana danganta farawar ga wani saurayi mai shekara 17, A.G. Hancock, a garin Winter Haven a 1947, sai dai ba a ɗauki hotonsa ba. Dick Pope ƙarami, wanda mahaifinsa ya mallaki lambun shaƙatawa na Cypress Gardens a garin, ya yi irin wannan bajinta a shekarar, shi kuma an ɗauke shi hoto, hoton ya bazu a jaridu. Saboda haka shekaru da yawa sunan Pope aka fi sani, kafin daga baya a ba Hancock matsayinsa.

A 1950 aka yi gasa ta farko a Cypress Gardens, kuma ba ta wuce a ga wanda zai fi daɗewa a tsaye ba. Emilio Zamudio na ƙasar Meziko na cikin waɗanda suka yi suna a wannan karon. Charlene Zint ta zama mace ta farko da ta yi wasan a 1951. Dabarun da aka san wasan da su yanzu sun fara fitowa ne a farkon shekarun 1960: Don Thomson da Terry Vance su ake dangantawa da juyin birgima, Randy Rabe kuma ya yi zamiya da baya a 1961.

Daga nan sai ci gaban ya koma Ostiraliya, inda aka tsara dokoki, aka fara gasar ƙasa, aka kuma ƙirƙiro tsalle daga kan tudu. Gasar duniya ta farko an yi ta ne a birnin Canberra a 1978, kuma Brett Wing na Ostiraliya ne ya zama zakaran maza. A shekarar ce kuma Amurka ta yi gasar ƙasa ta farko a Waco, jihar Texas. Tun daga lokacin ana yin gasar duniya kusan duk bayan shekara biyu, ƙasashen da suka fi fitar da gwanaye kuwa su ne Amurka, Ostiraliya, New Zealand, Birtaniya da Afirka ta Kudu.

Kayan aiki

Igiyar da ake amfani da ita ba ta miƙewa, tsawonta kimanin mita 23 ne, da mariƙi a ƙarshenta. Ɗan wasa yana sa rigar roba mai kauri wadda aka cusa wa soso a ƙirji da baya da mazaunai. Tana hana shi nutsewa, tana rage zafin faɗuwa, kuma a kanta yake zamewa idan ya kwanta ko ya zauna a kan ruwa. Akwai kuma sandar gefe, wani dogon ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen jirgi. Mai koyo yana riƙe ta kai tsaye, kusa da malaminsa, a wurin da jirgi bai dama ruwa ba. Wannan sanda ta rage wahalar koyo ƙwarai, domin kafin zuwanta ana koyo ne a ƙarshen doguwar igiya, ana faɗuwa ana sake tashi.

Ɓangaren dabaru

A gasar dabaru ana ba ɗan wasa zagaye biyu, kowanne daƙiƙa 15. Kowace dabara tana da makinta a rubuce cikin littafin dokoki, kuma ba a ba da maki sau biyu a kan dabara ɗaya. Amma idan aka yi ta ta ɗaya ɓangaren, misali juyin da aka yi ta dama aka sake shi ta hagu, ana lissafa shi daban. Wannan ke tilasta wa ɗan wasa ya horar da ɓangaren jikinsa da bai saba ba.

Tun daga tashi ake fara samun maki. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da allo ɗaya, sannan a zare ƙafa a bar shi. Gwanaye kuwa daga cikin ruwa suke tashi: mutum ya kwanta rigingine, ya ɗora ƙafafu a kan igiya, jirgi ya ja shi har ya zauna a saman ruwa, sannan ya dasa dunduniya ya miƙe. Tashi da baya ya fi wuya, domin a kife ake farawa, fuska cikin ruwa, ana zamewa a kan ƙirji har jirgi ya kai gudu.

Cikin dabarun da ake yi bayan an tashi akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya, da riƙe igiya da haƙora ko da wuya ta hanyar wani maɗauri na musamman, da birgima, inda ɗan wasa ke kwanciya da baya ya juya kamar katantanwa ya sake miƙewa. Akwai riƙo da ƙafa: a zura ƙafa ɗaya cikin maɗaurin da ke jikin mariƙi, a saki hannu biyu, a tsaya da ɗayar. Sai juyin kan ruwa, wanda shi ne ginshiƙin manyan maki. Mai fuskantar jirgi ya juya ya ba shi baya, ko ya yi cikakken zagaye, ko ɗaya da rabi, ko biyu, yana miƙa mariƙin daga hannu zuwa hannu ta bayansa. Ana yin waɗannan da ƙafa biyu ko ɗaya, ana yin su da ƙetare igiya, ana kuma yin su igiya na maƙale a ƙafa. Alkafura ta gaba ma tana cikin jerin.

Ga mai kallo daga bakin ruwa, alkafura ce ta fi burgewa, amma gasar ta fi karkata ga lissafi. Daƙiƙa 15 ba ta da yawa, kuma faɗuwa tana kawo ƙarshen zagayen nan take, sai makin da aka tara kafin ta. Don haka ɗan wasa da kocinsa sukan zauna su tsara jeri: wace dabara ke ƙarewa a yanayin da ta gaba ke farawa, wacce ce mai haɗari da ya kamata a ajiye ƙarshe. Alƙalai na iya hana maki idan juyi bai cika ba ko an tsaya a tsakiyarsa, kuma a manyan gasa da bidiyo suke tantancewa saboda saurin abin.

Tsallaken sawu da tsalle

Jirgi mai gudu yana barin kunya biyu na ruwa a bayansa. A gasar tsallaken sawu, ɗan wasa yana ƙetare su daga gefe zuwa gefe iyakar yadda zai iya cikin daƙiƙa 15, sau biyu. Ƙetarewa da ƙafa ɗaya ta fi maki, kuma manyan 'yan wasa kan yi zagaye ɗaya ta gaba, ɗaya da baya.

Tsalle shi ne mafi haɗari. Tudun da ake hawa tsayinsa kimanin santimita 45 ne kawai, amma ana isa gare shi da gudun da ya kai kusan kilomita 70 a awa, kuma dole a sa hular kwano. Ana ba da dama uku, ana ɗaukar mafi nisa, kuma tsallen ba ya shiga lissafi sai mutum ya sauka ya ci gaba da zamiya. Mike Seipel na Amurka ne ya shahara da salon da ya sauya wannan ɓangare, inda ɗan wasa ke barin jikinsa ya miƙe a iska, ƙafafu su haura kai ta baya, sannan ya dawo da su ƙasa daf da sauka. David Small na Birtaniya ya kai mita 29.9 a 2010. Tsallen ya kuma shiga gasar X Games a shekarun 1990 kafin a cire shi.

Wanda ya fi jimillar maki a ɓangarorin uku shi ne zakaran gaba ɗaya. Ron Scarpa da Keith St. Onge na Amurka, da David Small, da Ashleigh Stebbeings ta Ostiraliya duk sun riƙe wannan kambu.

Wasan nuni

Wasan nuni na kan ruwa ya girmi gasar. A Cypress Gardens an fara yin sa a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don nishaɗantar da sojojin da ke ziyartar lambun, fina-finan Esther Williams kuma suka ƙara yaɗa shi a shekarun 1950. Wasan Tommy Bartlett, wanda aka fara a 1952, ya zauna a Wisconsin Dells har aka rufe shi a 2020 sanadiyyar annobar korona. Cypress Gardens kuwa ya rufe a 2009, aka buɗe Legoland a wurin a 2011.

Abin da ya riƙe wasan bayan raguwar na ƙwararru masu albashi shi ne ƙungiyoyin sa-kai, musamman a jihar Wisconsin, inda iyalai ke shiga tun daga yara har kakanni. Ƙungiyar Min-Aqua Bats ta garin Minocqua tana wasa tun 1950. A garin Janesville aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, a can kuma aka yi gasar duniya ta farko a 2012.

A gasa, kowace ƙungiya tana da awa ɗaya ta gabatar da wasa mai labari da kiɗa da sutura da mai gabatarwa. Ana ganin dalar mutane mai hawa uku ko huɗu, da layin 'yan mata masu rawa a kan allo ɗaya, da namiji yana ɗaga mace sama, da tsallen salo daga babban tudu, inda masu alluna biyu ke juyi ko alkafura a iska, wani lokaci uku ko huɗu a tare. Masu tafin ƙafa kan fito a jere, ko su yi ƙaramar dala, ko su tashi ta hanyar gudu daga kan dandamali su faɗa ruwa. Alƙalai suna duba wahalar kowane wasa, da tsaftar yin sa, da yadda ya haɗu da na gaba, da yadda ya ja hankalin 'yan kallo. Direbobin jirgi da masu sauti da masu tsince alluna daga ruwa su ma ana ba su maki, domin kuskuren direba ɗaya ya isa ya rusa dalar da aka yi watanni ana gwadawa.

Akwai kuma gasar juriya da ba ta bin tsarin IWWF, kamar Footstock da ake yi a Crandon, jihar Wisconsin, inda mutum biyu ke bin jirgi ɗaya yana zagaye mai siffar lamba 8, wanda ya fara faɗuwa ya fita. A wajen gasa kuma, George Blair, wanda aka fi sani da Banana George saboda rigarsa ruwan ɗorawa, ya koyi wasan yana ɗan shekara 46, ya yi shi a dukkan nahiyoyi bakwai, ya ci gaba har ya haura shekara 90. Ya rasu a 2013.